Rana Ta Kama Wata: Camfin Husufi a Gabashin Sakkwato

Idan wata ya kai sha huɗu ya fito fes, sannan aka ga gefensa ya fara cinyewa har ya rikiɗe ya koma ja, tsofaffi a Wurno da Rabah da Goronyo ba sa neman dogon bayani. Rana ce ta kama wata. Ya ratse ya bi hanyarta, ita kuwa ta riƙe shi. Magani kuma sananne ne: yara su kwaso tasa da gwangwani da tsohon kwano, su zagaya gari da bugu suna roƙon a sake shi. Al'adar ba ta yau ba ce. A watan Satumba na 1830, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wasu Turawa biyu wa da ƙane, Richard da John Lander, husufi ya riske su a Busa, suka rubuta yadda gari ya ruɗe da ganguna da kururuwa, ana cewa rana ce ke jan wata.

Abin da ya raya wannan camfi shi ne bai taɓa ba masu shi kunya ba. Wata inuwar duniya yake shiga, kuma rufewarsa ruf ba ta kai awa biyu. Na daren 27 ga Yuli 2018, wanda ya fi kowane tsawo a wannan ƙarni, awa 1 da minti 43 ya yi. A buga ko kada a buga, zai fito. To amma tunda kullum sai an buga, yaushe za a gwada? Yaro ya sha bugu har hannunsa ya yi tsami, ya ga wata ya washe da idonsa. Malamin firamare da allinsa sai ya yi da gaske.

Akwai camfin da ya fi wannan nauyi, wato cewa husufi sanarwa ce ta rasuwar wani babba. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, da hantsi, rana ta rufe ruf a Gusau da Katsina da Maraɗi, a gabashin Sakkwato kuwa ɗan siriri ya rage. Ranar 29 ga Oktoba na shekarar, Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo ya rasu a haɗarin jirgin sama a Abuja. Wata bakwai cif. Mai neman hujja ya samu. Sai dai ba zai ƙirga husufin da aka yi ta yi bayan nan ba tare da gadon sarautar ya motsa ba, kuma bai taɓa yanke wa'adi ba. In an rasu bayan mako, husufi ne. In bayan shekara, shi ne dai. Ko tsarin gaba da baya ba ya damunsa. Harin 'yan bindiga a Tabanni ta gundumar Gandi, a ƙasar Rabah, ya riga husufin 2018 da kusan mako uku, amma wanda ya binne 'yan'uwansa a watan, ya ɗaga kai ya ga wata jawur, da wuya ka raba masa biyun.

Abin mamaki, addini ya yanke wannan magana tun farko. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutanen Madina suka danganta abin da rasuwar, sai Manzon Allah ya nuna musu rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa rufewa don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarce su da salla da addu'a da sadaka. Shehu Usmanu ya yi tir da masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa da duban taurari, Bello ma, wanda kabarinsa ke Wurno tun 1837, ya yi rubutu yana tsoratarwa game da su.

A ganina akwai wata ƙofa da ta rage wa camfin a buɗe. A mazhabar Malikiyya sallar husufin rana ce ake yi cikin jam'i. Ta wata kowa shi kaɗai yake yin nafilarsa. Da rana liman ya tara jama'a, tsoro ya sami wurin zuwa. Da dare manya suna ɗaki bisa buzu, titi ya zama na yara da kwanoninsu. Ɗan Adam kuwa in ya firgita yana son ya yi wani abu, tare da 'yan'uwansa, da ƙarfi.

Bugun kwano ba ya cutar kowa, sai mai barci. Abin da ke ba ni tsoro shi ne fassarar da ke cewa zunubi ya yi yawa, domin nan take ake fara tambayar na wa. A Maiduguri, daren husufin 9 ga Janairu 2001, matasa sun far wa otal-otal da mashaya da wuta kan wannan dalili, alhali masana taurari sun san ranar da sa'ar tun shekaru kafin a haifi masu ƙonawar. Haka ma an riga an san ranar 2 ga Agusta 2027 rana za ta rufe ruf a Makka da Jidda, a ƙasar Sakkwato kuma wani sashe nata, in hadarin damina ya bari a gani.