Gwanayen Gano Inda Farfaɗiya Take Tasowa

A cikin kowane yara uku masu farfaɗiya, ana samun kusan ɗaya da magani ba ya tsayar masa da ciwon. An gwada wannan ƙwaya, an sauya waccan, amma yaro na nan yana faɗuwa, karatu da magana suna ja da baya. Wasu daga cikin irin waɗannan yara tiyata ce mafitarsu, muddin ciwon daga wuri ɗaya yake tasowa a ƙwaƙwalwa. To ina ne wurin? Nan ake sanin gwani.

Farfaɗiya wutar lantarkin ƙwaƙwalwa ce take rikicewa. Takan faro daga ɗan gurbin da wani lokaci bai wuce ƙwayar wake ba, kafin ƙiftawar ido ta bazu. Don gano gurbin, likitoci kan fara da liƙa wayoyi a fatar kan yaro, gwajin da ake kira EEG, wanda Bajamushe Hans Berger ya fara yi wa ɗan Adam a 1924. Yaro zai kwana da kwanaki da wayoyin, kyamara na ɗaukarsa, ana jiran ciwon ya tashi. Sai kuma hoton MRI. Abin da aka fi samu a yaran da ake yi wa tiyata shi ne wani ɓangare na ɓawon ƙwaƙwalwa da bai ginu daidai ba tun yaro yana ciki. A hoto, ɗan kauri ne kawai, ko ɗan dishi-dishi a kan iyakar da ya kamata ta fito tar. Idon da bai saba ba zai wuce, ya rubuta cewa komai lafiya. Ga ƙwaƙwalwar jariri kuma tana sauya kama a hoto a shekaru 2 na farko, sai a sake ɗauka bayan watanni kafin abin ya bayyana.

Ni dai aikin da ya fi burge ni shi ne na gwajin SPECT. Ma'aikaciyar jinya za ta zauna a gefen gado, sirinji a haɗe da jijiyar hannun yaro, idonta a kansa, awa bayan awa. Ta riga ta zauna da mahaifiyar ta ji yadda ciwon yake farawa: yatsa ne ke motsi, ko ido ne ke kafewa, ko kai ne ke juyawa hagu. Da ta ga alamar sai ta danna. Jini yakan yi tururuwa zuwa inda ciwon ya faro, sinadarin allurar ya bi jinin, ya maƙale a wurin. Ko bayan awa ɗaya aka kai yaro na'ura, hoton wancan lokacin ne zai fito. In ta makara da daƙiƙu kaɗan, hoton zai nuna inda ciwon ya yaɗu, ya ɓoye tushensa. Wannan natsuwa ba ƙaramar baiwa ba ce.

Daga nan sai a zauna, likitan ƙwaƙwalwa da mai karanta hoto da mai tiyata, a jera sakamakon a ga ko bakinsu ya zo ɗaya. In sun saɓa, akan zura siraran wayoyi cikin ƙwaƙwalwar, dabarar da Jean Talairach da Jean Bancaud suka ɓullo da ita a Faransa. Dole kuma a tabbatar gurbin da za a cire bai shafi magana ko motsin hannu ba.

Wahalar tana biya. A wani bincike da aka yi a Delhi ta Indiya kan yara 116, aka wallafa a 2017, kashi 77 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tiyata sun rabu da ciwon bayan shekara guda. Waɗanda suka tsaya ga magani kaɗai, kashi 7 ne.

Irin waɗannan na'urori sun yi ƙaranci a wajenmu, amma mafarin aikin yana hannun iyaye. Idan ciwon ya taso wa ɗanku, ku kwantar da shi ta gefe, kada ku cusa masa komai a baki. Wani ya ɗauki bidiyo da waya tun daga farko, ku kai wa likita.