Fim da Mutumin da Ba Ƙasar da Ke Karɓar Sa

A watan Agustan 1988 wani mutumin Iran, Mehran Karimi Nasseri, ya maƙale a filin jirgin Charles de Gaulle na Paris, ba fasfo ba takardar gudun hijira, bayan Birtaniya ta juyo da shi. Bai bar wurin ba sai 2006, da rashin lafiya ta kai shi asibiti. Shekara 18 ke nan yana kwana kan wani jan benci, kwalayen takardunsa jibge a gefe, yana aski a bayin matafiya tun kafin jiragen asuba su sauka. Daga rayuwarsa aka ɗebo fim ɗin Faransa Tombés du ciel na Philippe Lioret a farkon shekarun 1990, sannan The Terminal na Steven Spielberg a 2004. Finafinan nan sun sa duniya ta tausaya wa irin wannan baƙo, amma sun yi hakan ne ta hanyar sauke laifin daga wuyan doka su ɗora wa ƙaddara.

Dubi yadda Spielberg ya ƙulla labarinsa. Viktor Navorski, wanda Tom Hanks ya fito a matsayinsa, yana cikin jirgi aka yi juyin mulki a ƙasarsa Krakozhia, ƙasar da babu ita a taswira. Fasfonsa ya tashi aiki, ya zauna wata tara a filin jirgin New York. Ba wanda ya kore shi daga gida. Ya zo ne karɓar sa hannun wani makaɗin jazz domin cika burin mahaifinsa, kuma da yaƙi ya lafa sai ya koma. Shi ma jarumin Lioret fasfonsa kawai aka sace, cikin 'yan kwanaki ya fita, ainihin marasa ƙasa kuwa suna gefen labari. Wato a duk biyun an zaɓi mutumin da ke da gidan komawa domin mai kallo ya ga kansa a jikinsa. Mugun labarin Spielberg kuma jami'i ɗaya ne mai neman ƙarin girma, kamar da an canza shi shi ke nan. Alhali a 1992 kotun Faransa ta ce ba za a fitar da Nasseri daga filin jirgin ba, ba ta kuma ba shi izinin shiga ƙasar ba, Beljiyam kuwa, inda ya samo takardar gudun hijirarsa tun farko, ta ce sai ya zo da kansa za ta sabunta masa takardu. Kowane ma'aikaci ya bi ƙa'idarsa, mutum yana tsufa a tsakaninsu.

Abin da ya fi ciwo shi ne yadda aka mai da jira makarantar kirki. Navorski ya koyi Turanci, ya sami aikin gini, har ya haɗa aure tsakanin ma'aikata. Nasseri kuwa, da takardunsa suka fito a 1999, ya ƙi sa hannu, domin sun kira shi ɗan Iran, shi kuma ya riga ya zama “Sir Alfred” a ransa. Masu cewa ai shi ya zaɓi zaman sun manta cewa shekara 11 na rataye ne suka ƙera wanda ya yi zaɓin. Kamar tsuntsun da ya daɗe a keji, an buɗe ƙofa bayan fuffuke ya mutu. A Nuwamban 2022 ya rasu a wannan filin jirgi, makonni kaɗan bayan ya dawo cikinsa.

Za a ce fim nishaɗi ne, kuma ba don Hanks ba da mutane da yawa ba su san ana wannan rayuwa ba. Akwai gaskiya a nan: a 2018, da Hassan al-Kontar ɗan Siriya ya shafe kusan wata bakwai a filin jirgin Kuala Lumpur, da fim ɗin 'yan jarida suka riƙa kwatanta shi, hankali ya karkato, daga bisani Kanada ta karɓe shi. Sai dai kwatancen ya yi masa aiki ne saboda yana jin Turanci, yana da waya, ya iya barkwanci a Twitter. Fim ya koya wa jama'a tausayin baƙo mai fara'a, mutum ɗaya tilo. Su kuwa 'yan Somaliya huɗu da aka tsare kwana 20 a filin jirgin Orly na Paris a 1992 aka mayar da su Siriya inda suka taso, ba mai kallo da ya san fuskarsu. Ƙararsu ce, Amuur da Faransa, ta sa Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke a 1996 cewa zauren jiran matafiya ƙasar Faransa ce, kuma riƙe mutum a ciki tsarewa ne. Wannan hukunci ya rushe tubalin da Spielberg ya gina labarinsa a kai, cewa Navorski ya faɗa wani rami ne da doka ba ta kai ba, shekara takwas kafin a haska fim ɗin.