Zafin Cikin Akwati: Nazari Kan Sana'ar Haɗa Amfilifaya

Wanda ya taɓa zaman tafsiri a wani masallacin ƙasar Tsanyawa, a shekarar da azumi ya faɗo cikin bazara, ya san abin da ke faruwa idan karatu ya yi nisa. Muryar malam ta fara shaƙewa a lasifika, ƙugi ya biyo baya, can sai ɗif. Ladan ya miƙe ya ɗora hannu a kan amfilifaya, ya janye da sauri kamar wanda ya taɓa murfin tukunya, ya ce, "Ta gaji, a bar ta ta huce." Gaskiya ya faɗa, sai dai ba mai tambayar abin da ya gajiyar da ita. Ga ta nan a kulle cikin kabad don gudun ɓarayi, an lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura, kwanon rufi kuma na zubo wuta daga sama.

Da a ce tsohon mai gyaran rediyo ne ya ga wannan, da ya yi faɗa, domin shi a hannun bawul ya tashi. Bawul ƙwan gilashi ne mai kama da na fitila, wanda Fleming ya ƙirƙiro a Ingila a 1904, Lee de Forest na Amurka ya ƙara masa waya ta uku a 1906, wadda ta ba shi ikon ƙara ƙarfin sauti. Lokacin da aka fara rarraba shirye-shiryen rediyo ta waya a Kano a 1944, da lokacin da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, shi ne ke riƙe da harkar.

Halin bawul shi ne ba ya magana sai ya yi zafi. Ɗauki EL34, wanda ya yi suna a manyan amfilifayoyi: zaren da ke ɗumama shi kaɗai yana cin kusan wat 10 tun kafin sauti ya fito, farantin cikinsa kuma na iya ɗaukar wat 25. Jera guda huɗu a akwati ɗaya, ka kafa murhu ke nan. Shi ya sa mai haɗa irin wannan na'ura yake tunani irin na magini, wanda ba ya jingina madafa da rumbu, kuma yana duba inda hayaƙi zai bi kafin ya aza tubali. Manyan bawul suna zama a sama, da tazara tsakaninsu, da huda a ƙasa inda iska za ta shigo, da wata a sama inda za ta fita. Kafasita mai ruwa a ciki, ita ce hatsin rumbun, nesa ake kai ta. A jikin da yawa daga cikinsu za ka ga an rubuta digiri 85, kuma ƙa'idar da masu sana'ar suka riƙe ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba kwananta biyu. Taransifoma biyu ba sa fuskantar gefe ɗaya, sai an karkata ɗaya a gicciye don kada maganaɗisun wannan ya shiga wancan. Wayoyin ɗumama bawul ana murɗe su kamar igiyar guga, a bi da su ta gefe, nesa da wayar makirufo, in ba haka ba ƙugi har abada. Ko manya ma sun yi sassauci a nan: kamfanin Fender ya riƙa rataye bawul kai a ƙasa a amfilifayoyinsa na jita, zafi na hawa kai tsaye cikin sauran kayan.

Abin da ya sa darasin ya zauna shi ne bawul ba ya ɓoye fushinsa. Ana ganin jan wutarsa, in farantinsa ya fara ja kamar garwashi an san akwai matsala, yaron shago kuwa sau ɗaya yake ƙona yatsa ya haddace.

Tiransisto, wanda aka ƙirƙiro a 1947, ya rage zafin, ya kuma ɓoye abin da ya saura. A ganina nan ne koyon sana'ar ya yi rauni. Yaro a yau yana iya gano abin da ya ƙone, ya cire, ya sayo sabo a Sabon Gari, ya liƙe da dalma, aiki tsaf. Tambaye shi dalilin ƙonewar, sai ya ce wutar janareta ce. Wani lokaci ita ce ɗin. Amma na ga amfilifaya da aka canja wa tiransisto sau uku, ba wanda ya shafa farin man da ke sada shi da ƙarfen da ke janye zafi, ga sabuwar kafasita an kwantar da ita a jikin ƙarfen don wayarta ta gaza. Ban ɗora wa yaran laifi duka ba; mai kaya yana tsaye a kansu, kuɗin gyara kaɗan ne, kuma ba a biyan kowa ladan tazarar da ya bari.

Ga shi kuwa ƙasarmu ta fi buƙatar wannan ilimi. Alƙaluman ƙarfin tiransisto da masana'anta ke bugawa galibi a kan digiri 25 aka auna su, mu kuwa a watan Afrilu inuwa ma takan haura 40. Ƙurar hunturu ta riga ta toshe hudojin iska tun Janairu, zanzaro ya zo ya gina ɗakinsa a sauran. Amfilifayar masallacin nan da na fara da ita, irin ta Ahuja ce ta Indiya, mai jure wahala. Da aka buɗe ta, gidan zanzaro biyu aka ɓamɓaro, aka hure ƙura, aka ɗora ta a kan bulo biyu kusa da taga, aka cire wa kabad ɗin bayansa. Har aka rufe tafsiri ladan bai sake tashi ba.