Iyakar Gilashi, Iyakar Bincike: Nazari kan Gane Sinadarai da Haske

Kowane sinadari yana da launukan hasken da yake haɗiyewa da waɗanda yake bari su wuce. In aka haska jini ko ruwa ko iska, aka duba abin da ya ragu a hasken, sai a san abin da ke ciki da kuma yawansa. A kan wannan ƙa'ida aka gina na'urorin gwaji da yawa na asibitoci da masana'antu. Masu ba da tarihin fannin sun fi jera sunayen manyan masana, alhali kuwa hasken sai ya ratsa gilashi kafin ya isa ga mai bincike, kuma abin da gilashin ya tare ba mai ganinsa.

A shekarar 1666 Isaac Newton ya raba hasken rana zuwa launukan bakan gizo da gilashi mai kusurwa uku. A 1802 William Wollaston ya hango wasu 'yan baƙaƙen layuka a cikin launukan, ya ɗauka iyakoki ne tsakanin launi da launi. Wanda ya gan su da kyau shi ne Joseph Fraunhofer, maraya da ya tashi yaron mai yin madubi a birnin Munik na Jamus. A masana'antar gilashi ta Benediktbeuern ya koyi dabarar Pierre Guinand, mutumin Suwizalan, ta dama narkakken gilashi da sandar yumɓu har jijiyoyin da ke karkatar da haske su baje. Da wannan gilashi, a 1814, ya ƙirga layuka sama da 500. Shi dai ba sinadaran rana yake nema ba. Alamomi tsayayyu yake so, waɗanda zai riƙa auna yadda kowace tukunyar gilashi ke lanƙwasa kowane launi.

Ma'anar layukan ta fito a Heidelberg a 1859, lokacin da Robert Bunsen da Gustav Kirchhoff suka lura cewa gishiri in ya shiga harshen wuta yana ba da haske ruwan ɗorawa daidai gurbin wani baƙin layi na Fraunhofer. Ke nan akwai sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, a rana. Da wannan hanya suka gano sisiyam a 1860 da rubidiyam a 1861. A 1868 aka ga layin hiliyam a hasken rana, ba a same shi a doron ƙasa ba sai 1895.

Me ya ba gilashi wannan matsayi? Ƙwayoyin zarrar da ke cikin gishiri ko lu'ulu'u a jere suke sahu-sahu. Na gilashi kuwa a sarƙe suke ba tsari, kamar yadda William Zachariasen ya bayyana a 1932. Saboda haka gilashi ba shi da ma'aunin zafi guda da yake narkewa farat ɗaya, sannu a hankali yake laushi. Wannan ya sa ake iya busa shi, a zuba shi a mazubi, a ja shi ya zama zare siriri kamar gashi. Kuma yana karɓar gauraye: a ƙara darma, a ƙara boron, halinsa ya sauya. Wannan ne aikin da Otto Schott da Ernst Abbe suka mayar ilimi mai tsari a Jena daga 1884.

Sai dai kowane gilashi yana da inda yake makancewa. Gilashin taga yana tare hasken altarabayolet da zangonsa ya gaza nanomita 300, ga shi kuwa sinadarin gado na DNA a nanomita 260 ake auna shi. Dalili ke nan da Arnold Beckman ya sa dutsen kwaz na Barazil a na'urarsa ta auna haske mai suna DU a 1941. Har yau, ɗalibin da ya zuba samfurinsa a 'yar kwalbar gilashi maimakon ta kwaz zai karanta lamba a allo, amma lambar ta kwalbar ce.

Matsalar ta fi tsanani a ɗaya gefen, wato hasken infirared. A can ne yawancin sinadarai ke nuna tambarinsu. Iskar kabon dayoksaid, alal misali, tana haɗiye haske a wajen maikuromita 4.3. Amma silikon da oksijin da ke cikin gilashin yashi su ma suna girgiza, suna shanye wannan haske. Shekaru da yawa da tagogin gishiri ake aiki, waɗanda danshin numfashi kaɗai ya isa ya dusashe su.

Mafita ta zo daga gilashin kalkojinaid, wanda aka soma nazarinsa sosai a shekarun 1950. A cikinsa an cire oksijin an sa farar wuta ko seleniyam ko teluriyam, haɗe da asanik ko jamaniyam. Waɗannan ƙwayoyi sun fi nauyi, ɗaurin da ke tsakaninsu ya fi sako-sako, don haka girgizarsu a hankali take, kamar tsirkiyar garaya da aka sassauta amonta ya yi ƙasa. Sai hasken infirared ya samu hanya. A ido gilashin ja ne ko baƙi ƙirin, amma ga wancan haske garau yake. Masu bincike a Jami'ar Rennes ta Faransa sun ja shi zare. Hasken da ke tafiya a cikin zaren yana ɗan leƙowa waje, tazarar da ba ta wuce maikuromita ɗaya ko biyu ba. In aka ɗiga ruwan jini a kansa, sai ya shanye rabonsa na hasken, a karanta ragin a ƙarshen zaren.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Sako-sakon ɗaurin da ya buɗe hanyar hasken shi ne kuma raunin gilashin. Na asanik da farar wuta yana soma laushi a wajen digiri 200, alhali tsantsar gilashin yashi sai ya haura 1,000. Yana da saurin karyewa, asanik guba ne, kuma ɗan oksijin ko ruwa da ya kutsa wajen narkawa ya isa ya ɓata shi.

A nan ne al'adar fannin take da gyara. Na'urori sun ƙanƙance har sun shiga tafin hannu. Hukumar NAFDAC a Nijeriya ta yi amfani da TruScan wajen farautar jabun magunguna, na'urar da ke aiki da abin da C. V. Raman ya gano game da warwatsuwar haske a Kalkata a 1928. Allo ya ce magani ya ci ko ya faɗi, mai riƙe da ita ya amince. Amma in ta bayan kwalba aka haska, kwalbar ma tana iya ba da nata ƙyallin ta rufe na maganin. Horar da ma'aikaci a kan danna maɓalli kawai bai isa ba. Dole ya san halin abin da hasken ya ratsa, da zangon da yake tarewa, kafin ya sa hannu a takardar sakamako.