Takobi ɗaya, samari dubu: kokowa a matsayin sana'a a Arewa

Da an yanke gero a Dallol Mauri, a yankin Arewa na ƙasar Nijar, daga Matankari zuwa Gesheme da Kore Mairuwa, fili yakan cika da yamma. Makaɗi ya ɗauki ganga, saurayi ya ɗaure guru da layu a ƙugu da damtse, ya duƙa ya ɗebi rairayi ya murza a tafin hannu don kada gumi ya sa abokin karawa ya zille masa. A nan ake gane wanda zai yi nisa, tun bai kai shekara ashirin ba. Daga dandalin gari sai zaɓen gunduma a Dogon Dutsi ko Tibiri, sannan na jiha a Dosso, inda filin kokowar ke ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani. Tsanin a bayyane yake. Abin da nake ganin ya ɓace shi ne abin da zai riƙe yaron tsakanin wannan mataki da wancan.

Tun 1975, lokacin da aka fara gasar ƙasa a Tawa a zamanin Seyni Kunce, kuma Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, wato kyautar zakaran gasar, kokowa ta tashi daga wasan kaka ta zama harkar hukuma. Yau jihohi 8 ke kawo 'yan kokowa goma-goma, mutum 80 ke nan, kuma wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga neman takobi ko da ya ci gaba da karawa don jiharsa. Tsarin yana da daɗin kallo, amma yana tara rabon shekara guda a cikin kwanaki kamar goma. Isaka Isaka na Dosso ya ɗauki takobi har sau 6 kafin Abba Ibro na Tawa ya kayar da shi a wasan ƙarshe na Disamban 2024, a gida Dosso, kuma kowane yaro a Arewa ya san labarinsa. Sai dai wanda ya zo na talatin ko na hamsin fa? Shi ma ya ci horon, shi ma ya saida tunkiya ya sayi abinci da magani, amma ya koma gona ko cirani a Najeriya, wataƙila da gurɗe a kafaɗa da ba wanda zai biya kuɗin ɗorinsa.

Masu kishin gargajiya suna cewa albashi da kwangila za su kashe ruhin abin, ɗan kokowa ya daina faɗa don sunan garinsu. Damuwar tana da tushe, kuma ba mu muka fara ta ba. Ƙwallon zari-ruga ta shafe fiye da shekara ɗari tana haramta biyan 'yan wasa da wannan hujjar, sai a 1995 aka ɗage haramcin. A Faransa abin da ya biyo baya shi ne cibiyoyin horo a manyan kulob, inda matashi ke samun likita da yarjejeniya a rubuce, kuma dole ya haɗa wasa da karatu ko koyon sana'a, domin an san gwiwa ɗaya na iya rufe komai. Kuɗi kuwa sun daɗe da shiga filinmu: kyautar 'yan kasuwa, liƙin masu kallo, babur da buhunan shinkafa. Tambayar ita ce ko za su ci gaba da zuba a kan wanda ya riga ya yi suna, ko kaɗan daga ciki zai gangaro ga mai tasowa.

Wasu kuma za su ce Nijar ba Faransa ba ce. Gaskiya ne, kuma ba wanda ke neman ginin miliyoyi a gari irin Dumega. Gasa mai tsari tsakanin kwaminonin Dogon Dutsi da Tibiri a tsawon rani, asusun jinya da ake cirewa daga kuɗin shiga fili, da tsofaffin gwanaye da ake biya su koyar da kamu da kaye, duk ba su fi ƙarfin hukumomin garuruwan nan ba. Tsofaffin suna nan da ransu, da yawa a bakin kasuwar Dogon Dutsi, kuma dabarar da ke hannunsu ba a rubuce take ba.