Tsoro a Turaka: Fargaba da Rashin Natsuwa Tsakanin Maza Masoya a Ƙagaggun Labarai Biyu

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce tsoro na daji, kunya na gida. Wannan maƙala za ta duba abin da kan faru a ƙagaggen labari idan marubuci ya ɗauko tsoro daga dajin ya zaunar da shi cikin ɗaki, tsakanin mutum biyu da ke kwana kan shimfiɗa guda. Littattafan da za a nazarta biyu ne, dukansu da Ingilishi aka rubuta su, kuma taurarinsu maza ne masu son 'yan'uwansu maza. Na farko shi ne Giovanni's Room na James Baldwin, baƙar fatar Amurka, wanda aka buga a 1956. Na biyu shi ne Walking with Shadows na Jude Dibia, wanda ya fito a Legas a 2005, wanda kuma manazarta kan lasafta cikin ƙagaggun labaran Nijeriya na farko da suka ɗora irin wannan mutum a matsayin babban tauraro.

Hukuncin shari'ar Musulunci a kan wannan al'amari sananne ne ga mai karatu, haka ma dokar tarayya ta 2014 wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla auren jinsi ɗaya. Aikin manazarcin adabi dabam ne: ya gano yadda marubuci ya gina zuciyar tauraronsa, da dabarun da ya bi har mai karatu ya ji bugunta. Ɗalibanmu na manyan digirori suna cin karo da waɗannan littattafai a darasin kwatanta adabi, ya kyautu su same mu da ma'aunin da za mu miƙa musu.

2.0 Matsalar Kalmomi

Kafin a shiga littattafan, wajibi ne a tsaya kan kalmomin da Hausa ta tanada. Kalmar luwaɗi, wadda ta samo asali daga ƙissar mutanen Annabi Luɗu, suna ne na aiki tare da hukuncinsa. Kalmar daudu kuwa ta shafi ɗabi'a da sana'a, watau namiji mai kwaikwayon magana da tafiyar mata, wanda aka sani da sayar da abinci a tasha da kasuwa, ko da zama kusa da 'yan bori da mata masu zaman kansu. Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano ya fitar da littafinsa Allah Made Us a 2009, ya kawo kalma ta uku, wato harka, wadda masu abin kan sakaya zancensu da ita. Ya kuma nuna ba kowane ɗan daudu ne mai harka ba, ba kuma kowane mai harka ne ɗan daudu ba, kuma da yawansu magidanta ne masu 'ya'ya.

Abin lura shi ne, kalma ta farko daga bakin alƙali take, ta biyu daga bakin ɗan kallo, ta uku kuwa lulluɓi ce. Babu wadda ta ambaci abin da ke cikin zuciya. To, a wannan gurbi da harshe ya bari ne marubutan nan biyu suka kafa labaransu.

3.0 Ɗakin Giovanni

David saurayi ne Ba'amurke mazaunin Faris. Budurwarsa Hella ta tafi Sifen don ta yi shawara da zuciyarta a kan aurensa. A bayanta ya haɗu da Giovanni, Ba'italiye mai aiki a mashayar wani da ake kira Guillaume, har ya tare a ɗakinsa. David ne ke ba da labarin da bakinsa, a daren da za a wayi gari a zartar wa Giovanni hukuncin kisa saboda ya kashe Guillaume.

Babbar dabarar Baldwin ita ce ya mai da ɗakin nan madubin zukatan mazaunansa. Ɗaki ne ƙarami, cunkushe da tarkace, an shafe gilashin tagarsa da farin abu don kada masu wucewa su leƙo. Giovanni ya duƙufa yana ɓamɓare bango da nufin gyara, aikin da bai taɓa kammaluwa ba. Duk wanda ya san tsarin gidajenmu na Kiru ko Bebeji ko Tudun Wada ya san tazarar da ke tsakanin zaure, inda idon jama'a yake, da turaka, inda mutum kan tuɓe rawani ya saki jiki. Ciwon David shi ne ya kwaso mutanen zaure cikin kansa ya shigo da su turaka. An rufe taga, amma idon mahaifinsa da na ƙasarsa suna nan tare da shi a kan gado.

Wannan fargaba ta ɓata kusancinsu ta fuska uku. Ta farko, sha'awa da ƙyama sukan zo masa tare, ya kusanci Giovanni da dare, ya wayi gari yana jin ɗakin da jikin duka ƙazanta ne. Ta biyu, yana tsoron zaman ya mai da shi matar gida mai shara da jiran miji, saboda haka ya nemi wata mace mai suna Sue ya kwana da ita don ya tabbatar wa kansa mazakutarsa, ya fito kuma ya fi da rashin natsuwa. Ta uku, ya rasa bakin faɗin gaskiya. Da Hella ta dawo sai ya sulale, ya bar Giovanni kwanaki yana cigiya. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Shi ma Giovanni da nasa raunin. Ya baro ƙauyensu a Italiya bayan an haifa masa ɗa babu rai, ya zo Faris ba dangi ba madogara, abincinsa na hannun mai mashaya. Don haka ya riƙe David riƙon wanda ruwa ya ci. Iyakar riƙonsa, iyakar zillewar David. A ganina nan ne gwanintar littafin take: tsoro iri biyu ne suka haɗu, tsoron a gane mutum da tsoron a yar da shi, kowanne yana hura wutar ɗan'uwansa.

4.0 Inuwar Adrian

Dibia ya dawo da matsalar gida Nijeriya. Tauraronsa, Ebele Njoko, ya sauya suna zuwa Adrian, ya zama babban ma'aikaci a Legas, ya auri Ada har suka sami 'ya. Wani abokin aiki da Adrian ya bankaɗo almundahanarsa shi ya rama ta hanyar tona wa Ada tsohuwar rayuwar mijinta. Daga nan aure ya girgiza, dangi suka ja baya, har ɗan'uwansa ya kai shi wurin fasto aka yi masa bulala da sunan magani.

Bambancin littattafan biyu a fili yake. Abin da David ke tsoro yawancinsa cikin kansa yake, na Adrian kuwa yana da hannu da bulala. Sa'an nan soyayyar Adrian da Antonio ta riga ta mutu kafin labari ya buɗe, ta hanyar waiwaye kawai muke ganinta, kuma cin amanar da ya gamu da ita can na cikin abin da ya tura shi neman mafaka a aure. Ke nan fargaba ta bi shi shimfiɗa biyu, ta kuma cuci Ada wadda ba ta ci nanin ba nanin ta ci ta. Dibia ya yi adalci da ya ba Ada murya da fushi nata na kanta, abin da Hella ba ta samu sosai ba, tun da ta bakin David kaɗai muke jinta. Sai dai ta fuskar salo Baldwin ya fi zurfi, domin Dibia kan bayyana damuwar tauraronsa da baki a inda Baldwin zai bar bango da taga su yi magana.

5.0 Darasi ga Adabin Hausa

Adabin kasuwar Kano, tun daga Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu a 1990 da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, ya nuna marubutanmu sun iya shiga zuciyar matar da aka wulaƙanta da ta masoyan da aka raba. Amma ɗan daudu, kamar yadda aka gan shi a fim ɗin barkwanci na Ibro Ɗan Daudu, daga waje ake zana shi: fari da ido, tafa hannu, habaici, a yi dariya a watse. Ba a cika tambayar abin da yake ji idan ya tashi daga gindin tukunya ya koma ɗaki shi kaɗai ba.

Kunya, wadda ta hana marubucin Hausa siffanta abin da ke bayan labule, ba cikas ba ce a nan. Baldwin kansa bai siffanta kwanciya ƙuru-ƙuru ba. Da sakaya zance ya isar da kusan kome. Harshen da ya mallaki habaici da zaurance da karin magana ba ya rasa kayan wannan aiki.

6.0 Kammalawa

An ga yadda marubutan biyu suka nuna cewa mutumin da ke ƙyamar kansa, ko yake zaune cikin ɗar-ɗar na tonon asiri, ba ya iya sakin jiki da kowa, kuma cutar ba ta tsayawa kansa: Giovanni ya rasa rai, Hella da Ada sun rasa amana. Shawarata ga ɗalibai ita ce su riƙa bambance kunya, wadda ke kare mutuncin turaka, da tsoro, wanda ke rusa ta, su kuma gwada wannan ma'auni a kan labaran auren dole da na kishi da ke cike da kasuwanninmu.