Kiɗan Silima a Kunnen Mutumin Rano

Mutumin ƙasar Rano, ko na Kibiya maƙwabciyarta, idan yana cikin gona ya jiyo kiɗa daga nesa, ba ya bukatar a aiko masa da manzo kafin ya san abin da a ke ciki. In kalangu ne ya tashi da hantsi ta wajen kasuwa, ya san an yi yanka, mahauta sun baje nama. In gangar noma ce, wani ne ya kira gayya. In kuwa ya ji tambari da algaita, to, al'amarin na fada ne, gama Rano tsohuwar sarauta ce, tana cikin Hausa Bakwai, har yau kuwa Autan Bawo a ke ce wa sarkinta. Dundufa ta maƙera ce, garaya ta maharba da 'yan bori, shantu da ƙwarya na mata ne a cikin gida. Kowane kiɗa da mai shi, kowane mai sana'a da takensa. Ɗan dambe ma in an kaɗa nasa taken, sai a ga tsikar jikinsa ta tashi, ya fito fage tun ba a ambaci sunansa ba.

Mai irin wannan kunne, ko da ya ke wataƙila bai taɓa shiga ɗakin da a ke haɗa fim ba, ya cancanci a saurari hukuncinsa game da kiɗan da a ke sawa cikin finafinai da wasannin talabijin. Dalili kuwa, aikin da kiɗa ke yi a fim shi ne aikin da ya saba ji yana yi a garinsu, watau ya ba da labari ba tare da an buɗe baki ba.

Wanda ya yi karatun allo kafin ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya san baƙi, ya san wasali. Ya san kuma baƙaƙe uku in an jera su babu wasali, mai karatu zai iya yi musu fassara biyu ko uku. Haka hoto ya ke. A nuna mutum yana tafiya shi kaɗai cikin lungu da dare, ba wanda zai san ko wane ne shi. In aka sa masa busar sarewa a hankali, mai kallo zai ce wannan bawan Allah yana cikin baƙin ciki. In aka sa ganga tana bugawa ƙasa ƙasa kamar bugun zuciya, sai a ce ɓarawo ne, ko kuwa ɓarayi na biye da shi. In aka sa kiɗan ƙwarya mai sauri, yara za su fara dariya tun bai yi tuntuɓe ba. Hoton bai sake ba ko kaɗan. Kiɗan ne ya yi masa wasali.

Masu yin fim sun gane wannan tun da wuri. Finafinan farko a ƙasashen Turawa bebaye ne, saboda haka a kan zaunar da makaɗi a gaban farin ƙyallen da a ke haska hoton, yana bin abin da ya ke gani da kiɗa, yana kuma rufe ƙarar injin. Sai a 1927 aka fito da wani fim a Amurka, The Jazz Singer, wanda aka ji mutum yana waƙa da magana a cikinsa. Indiya ta bi sahu a 1931 da Alam Ara, mai waƙoƙi bakwai, tun daga ranar kuwa Indiyawa ba su rabu da waƙa a fim ba.

Mutanen karkara a ƙasar Kano ta hanyar majigi suka fara ganin hoto mai motsi. Gwamnatin Ingila ta kafa ofishin yin finafinai domin ƙasashen da ta ke mulka a 1939, daga baya gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da aikin. Mota ce ta kan zaga garuruwan hakimai da manyan ƙauyuka, da injin wuta, da farin ƙyalle, da lasifika. Da yamma a kan sa faifan garmaho don mutane su taru, in duhu ya yi a nuna labarin noman auduga da gyaɗa, ko tsabtar rijiya, ko rangadin manya. Wani ma'aikaci ya kan riƙe abin magana yana bayyana wa jama'a abin da su ke gani, in mai azanci ne ya haɗa da ban dariya. Kiɗan da ke cikin yawancin finafinan nan na Turawa ne, bai gaya wa manomi kome ba, muryar mai bayanin ce ta ɗauki dukan nauyin. Abin mamaki, sana'ar nan ba ta mutu ba. Masu fassara finafinan Indiya da Hausa a yau, irin su Algaita, jikokinsa ne a wajen aiki.

A birni kuwa akwai gidajen silima, tun daga Rex da aka buɗe a Kano a 1937. Da finafinan Indiya suka fara shigowa, suka kama zukatan mutane kamar wutar daji, alhali kuwa masu kallon ba su jin harshen. Me ya sa? Kiɗan ne ya yi musu tafinta. Misali mai kyau yana cikin Sholay na 1975, wanda R. D. Burman ya yi wa kiɗa. Akwai wurin da Amitab Baccan ke zaune a waje da magariba yana busa ɗan abin busa na baki, wata bazawara mai farin tufafi tana bin fitilun gida tana kashewa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ce uffan, ba su ko kusanci juna ba, amma kowa ya san abin da ke cikin zukatansu. Duk sa'ad da busar nan ta dawo a fim ɗin, mai kallo ya kan tuna da su biyun. Shugaban 'yan fashi na labarin shi ma da nasa sautin mai ban tsoro, wanda ke tashi in ya bayyana. Wannan fa ba wani abu ba ne illa take. Baturen da ya ƙware da Ba'indiyen da ya ƙware duk sun bi doguwar hanya sun iso inda makaɗin ƙauye ya daɗe yana zaune.

Karin waƙoƙin Indiya bai tsaya a silima ba. Abdu Yaron Goge ya ɗauki waɗansu ya sa musu kalmomin Hausa, masu bandiri a Kano kuma suka juya waɗansu zuwa begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Saboda haka sa'ad da samarin Kano suka fara yin nasu fim na bidiyo da Turmin Danya a 1990, kunnuwan masu saye sun riga sun saba da wani irin ɗanɗano, ɗan kasuwa kuwa abin da a ke nema shi ya ke kasawa.

Nan fiyano ya shigo. Akwati ne mai aiki da lantarki, yana da maɓallai farare da baƙaƙe, an zuba masa muryoyin kayan kiɗa iri iri a ciki, har mutum guda da yatsunsa goma ya iya kwaikwayon ganga da sarewa da goge gaba ɗaya. Fim ɗin da ya nuna iyakar amfaninsa shi ne Sangaya na 1999, wanda Aminu Sabo ya shirya, Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki. Labarin fada ne, na ɗan sarki da yarinya mai hidima a gidan, makaɗin kuwa ya yi hankali, ya zaɓo sautuka masu kama da na gargajiya, ya sa waƙar ta yi kama da ta dandali inda samari da 'yan mata ke amsa wa juna. Wanda ya ji ta ya san ta ƙasarsa ce, ko da ya ke tsarin namiji da mace su yi ta musayar baiti a fim daga Indiya aka aro shi. Ya kamata a yaba wa aikin nan, domin kiɗan ya zauna daidai da wurin da labarin ya faru.

Amma cinikin da Sangaya ya yi ya koya wa masu sana'ar darasin da ba shi ne ya kamata su ɗauka ba. Suka lura waƙa ce ke sayar da fim, sai aka koma ana fara yin waƙa, sa'an nan a nemo labarin da za a rataya mata. Ga yarinya an nuna ta 'yar talakawa, tana tallan fura, uwarta ba lafiya. Ba zato ba tsammani sai a gan ta a lambun wani babban otal, ta sake tufafi sau huɗu, tana motsa baki bisa muryar wata mawaƙiya dabam. In an gama a komo da ita bakin ƙwaryar furarta, ciwon uwar na nan inda aka bar shi. Irin wannan waƙa in an yanke ta an yar, labarin ba zai yi ɗingishi ba, wannan kuwa shi ne babban aibin da za a iya samu ga waƙar fim.

Aibi na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, mutumin Rano kuwa ya fi ɗan birni saurin kama shi. Mai fiyano ba ya tambayar kiɗan wane ne. Abin da ya yi masa daɗi a kunne shi ya ke dannawa. Sai a nuna sarki zai fito zaman fada, a bi shi da sautin da ya fi kama da na mahauta, ko a nuna zaman makoki a sa abin da in an ji shi a ƙauye za a ɗauka kamun amarya a ke yi. Ɗan birnin da ya tashi bai san take ba, ba ruwansa. Dattijon da ya sha ganin hawan salla a ƙofar fadar Rano kuwa zai ji kamar an naɗa wa sarki rawani da zanen mata. Da masu shirya fim sun san dukiyar da ke hannunsu, da sun huta da dogon bayani. Bugu uku na dundufa sun isa a san gidan maƙera aka shiga, tun ba a nuna uwar maƙera ba.

Sa'an nan ga rashin haƙuri da shiru. Finafinai da yawa tun daga farko har ƙarshe fiyano ba ya numfasawa, har ya kan danne maganar mutane, mai kallo ya yi ta kasa kunne. Uba zai yi wa ɗansa faɗa, kiɗa na tashi. Za a kawo labarin rasuwa, kiɗa na kuka tun mai kawo labarin bai yi sallama ba, ya riga ya tona abin da ya zo da shi. Alhali Bahaushe ya san in magana ta yi nauyi shiru a ke yi. Makaɗan fada ma su kan tsai da hannu in sarki zai yi magana.

Kada a ɗora wa mai fiyano laifin duka. Ɗaukar makaɗa shida da 'yan amshi, a kawo su birni, a ciyar da su, a biya su, ya fi ƙarfin jarin yawancin masu fim, ga masu satar fasaha suna jira su kwafe aikin su sayar da arha. Gardamar da aka yi ta yi kuma ba ta taimaka ba. Tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, yawancin maganar da a ke yi tsakanin malamai da hukuma da 'yan fim ta rawa ce da sutura da cuɗanyar maza da mata. Magana ce mai muhimmanci, amma ta cinye fili, har ba a cika samun mai tambaya ko kiɗan ya dace da labarin ba.

Talabijin ya ɗan fi kiyaye wannan. Tun da aka buɗe gidan talabijin na Kaduna a 1962, kowane shiri da kiɗan da a ke buɗe shi da shi, masu kallon Samanja da sauran wasannin lokacin kuwa da kunne su ke sanin lokaci ya yi. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta nuna da wasan Daɗin Kowa cewa jama'a za su bi labari shekara da shekaru ba tare da an tsai da shi an yi rawa ba. Wasa mai dogon zango yana da wata dama kuma wadda gajeren fim ba shi da ita. Tun da ya ke kowane mako mutanen nan ne dai za su dawo, ana iya ba kowannensu takensa, mai kallo ya haddace, har ya zama in an kaɗa taken mugu a bayan ƙofa hankalin kowa ya tashi tun bai shigo ba.

Yanzu a Rano da Rurum da Kibiya da Tarai, galibin samari a wayar hannu su ke kallo, su kai wa mai turawa a kasuwa ya zuba musu finafinai, su taru su uku ko huɗu bisa waya guda. A nan akwai wata hasara wadda ba a cika lura da ita ba. Lasifikar waya ƙarama ce ƙwarai, ba ta iya fitar da sauti mai kauri, saboda haka amon babbar ganga da na tambari, wanda mutum ke ji har cikin ƙirjinsa in yana tsaye a fage, ba ya fitowa. Abin da ke saura shi ne siririn sautin fiyano da muryar da na'ura ta gyara har ta kusa zama ɗaya da ta kowa. Masu haɗa kiɗa sun san inda za a saurari aikinsu, don haka su ma su kan ƙara sirantar da shi. Waɗannan waƙoƙin ne kuma a ke sakewa a gidan biki ta babbar lasifika, a wurin da a dā mai kalangu ne zai tsaya ya kaɗa wa kowane baƙo taken gidansu, a yi masa kari. Ɗan makaɗin da ya ga ubansa ya yini ba a kira shi ba, da wuya ya yarda ya zauna koyon ɗaure fata.

Makaɗan dai ba su ƙare ba tukuna. A 2024 aka mayar da Rano masarauta mai daraja ta biyu, da Rano da Bunkure da Kibiya a ƙarƙashinta, fada kuwa ba ta zama sai da makaɗa da mabusa. Na'urar ɗaukar sauti a yau ta shiga aljihun riga, tafiya daga Kano zuwa Rano kuma ba ta cin yini. Mai shirya fim da zai yi labarin sarauta ko na noma yana iya zuwa ya zauna da su kwana biyu, ya tambaye su wane take ne na wa, ya ɗauka daga hannunsu, ya biya su, ya kuma rubuta sunayensu a ƙarshen fim tare da na sauran ma'aikata.